Kurakuran da masu son barin taba ta hanyar amfani da sigarin lantarki suka fi yi

Wanda ya fi damuna shi ne haɗa biyun. Mutum ya sayi sigarin lantarki da niyyar barin taba amma da safe sai ya kunna kara ɗaya, bayan cin abinci ya ƙara ɗaya, wai ai ya rage. Toh zuciya ba ta san wannan lissafin ba fa. Wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tal a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na wanda ke shan kara 20. Gyaran shi ne ka sa rana, ranar ka zubar da sauran kwalin har da ashana, kar ka ajiye ko ɗaya "saboda tsaro".

Sai masu farawa da ruwan sigarin lantarki mai ƙarancin nikotin don suna tsoronsa. Nikotin shi ke kama mutum, gaskiya ne, amma ƙona ganyen taba shi ke fitar da kwalta da iskar guba da sinadarai kusan 70 masu jawo ciwon daji. In kai mai shan kwali guda ne a rana kuma ka fara da ruwa mara ƙarfi, kwana ukun farko ciwon kai da saurin fushi da rashin barci za su taru maka, kafin ka ankara ka koma gidan jiya. Fara da wanda zai kashe maka ƙishin, bayan wasu watanni ka dinga ragewa a hankali.

Amma kuma kar wannan ya sa ka ɗauka nikotin ba komai ba ne. Yana ƙara bugun zuciya yana ɗaga jini, yana taɓa ƙwaƙwalwar matashi wadda ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, mai juna biyu kuma ta fara ganin likita. Wanda bai taɓa shan taba ba don Allah kar ma ya taɓa sigarin lantarki.

Akwai kuma zuƙa ba ƙaƙƙautawa. Karan taba yana ƙarewa ka yar, shi wannan ba ya ƙarewa, sai ka ga yana hannunka tun safe har kan gado. Ware masa lokaci, sauran lokacin ajiye shi nesa da kai.

Ruwan da ba ka san inda aka haɗa shi ba ka rabu da shi. A 2019 a Amurka dubban mutane sun kwanta asibiti da ciwon huhu, wasu suka rasu, galibi saboda ruwan wiwi na bayan fage da aka cakuɗa da man bitamin E. Kwalbar ruwan kuma ka ɓoye ta inda hannun yara ba zai kai ba, kaɗan yaro zai haɗiya ya zame masa guba.