Yadda Ake Riƙe Aikin Kwamiti a Reshen Ƙungiyar DAR ta Matan Amurka

An kafa ƙungiyar Daughters of the American Revolution, wadda aka fi sani da DAR, a birnin Washington ranar 11 ga Oktoba, 1890. Ba ta karɓar mace sai wadda ta cika shekara 18, ta kuma kawo takardun da ke tabbatar da cewa ta fito daga tsatson wani ko wata da suka ba da gudummawa a yaƙin neman 'yancin Amurka, wanda aka gwabza daga 1775 zuwa 1783. Manufofinta uku ne: adana tarihi, bunƙasa ilimi da cusa kishin ƙasa. Hedikwatar tana Washington, amma ainihin aikin a rassa kusan 3,000 ake yin sa, ta hannun kwamitocin da mata ke riƙewa ba tare da an biya su ko sisi ba.

Idan kin shiga sabuwa, kada ki yi gaggawar karɓar duk abin da aka miƙo miki. Rassa da yawa suna da kwamitoci fiye da masu riƙe su, don haka sabuwar mamba mai kuzari takan wayi gari da kujeru uku ko huɗu, kuma a ganina babu abin da ke saurin kashe gwiwa kamar wannan. Ki halarci taro sau biyu ko uku tukuna, sannan ki sami shugabar reshe, wadda ake kira Regent, domin ita ce ke naɗa shugabannin kwamitoci. Ki faɗa mata ƙarara awa nawa za ki iya bayarwa a wata, da abin da hannunki ya faɗa a kai. Tsohuwar malama ta fi dacewa da kwamitin tarihin Amurka, wanda ke shirya gasar rubutu ga 'yan aji biyar zuwa takwas. Mai haƙurin bin tsofaffin takardu ta nufi binciken nasaba, ta taya masu neman shiga tono shaidar haihuwa da ta aure da wasiyyoyi. Akwai kuma kwamitin kula da tsofaffin sojoji, da na tuta, da wanda ke halartar bikin rantsar da sababbin 'yan ƙasa.

Da zarar an naɗa ki, ki nemi wadda ta sauka, ki karɓi fayil ɗinta, ki zauna da ita ki tambaye ta wa ke ɗaukar waya a makarantar kaza, kuma wane ofishi ne ke jan ƙafa. Irin wannan sani ba ya cikin littafin ƙa'idojin ƙungiya, ko da yake shi ma wajibi ne ki karanta shi tare da umarnin da shugabar kwamitin ta jiha ke aikowa kowace shekara.

Babban abin da ke bambanta kwamitin da ke aiki da wanda ke barci shi ne kalanda, domin yawancin ayyukan DAR suna rataye ne a kan ranakun da ba sa gusawa. A ɗauki Makon Tsarin Mulki, wanda ake yi daga 17 zuwa 23 ga Satumba domin tunawa da sa hannu a kan kundin tsarin mulkin Amurka a Philadelphia a 1787. DAR ce ta kai wa majalisar dokoki buƙatarsa a 1955, Shugaba Eisenhower ya sa masa hannu a 1956, saboda haka rassa ba sa wasa da shi. Mai riƙe da wannan kwamiti ba a Satumba take fara aiki ba. Tun a Yuli ya kamata ta rubuta wa ofishin magajin gari tana neman sanarwar ayyana makon a hukumance, ta kama gurbi a ɗakin karatu na gari domin baje kolin littattafai da hotuna, ta kuma tuntuɓi malamai kafin hidimar komawa makaranta ta sha musu kai. Haka ake lissafi da baya-baya ga Ranar Tuta ta 14 ga Yuni da Ranar Tsofaffin Sojoji ta 11 ga Nuwamba. Gasar rubutu kuwa ta fi su tsauri, domin rubutun da ya yi nasara a reshe yana wucewa zuwa jiha, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya sa wahalar yaro ta tashi a banza. Ki tanadi alƙalai da wuri, ki kuma cire sunayen yara daga takardun kafin su isa hannunsu.

Batun kuɗi gajere ne: kada ki kashe abin da ba ya cikin kasafin reshe sai taro ya amince, kuma ki miƙa wa ma'aji kowane rasit. Ƙungiyar ba ta siyasar jam'iyya ba ce, don haka ra'ayinki kan zaɓe ya tsaya a gida ranar da kike magana da sunanta.

Aikin maƙabarta yana buƙatar taka-tsantsan na musamman. Kafin a kafa alamar DAR a kabarin wani sojan yaƙin neman 'yanci, sai an sami izinin masu maƙabartar da kuma amincewar ofishin babbar mai kula da tarihi ta ƙungiyar a matakin ƙasa kan abin da za a rubuta. Wajen wanke tsohon dutsen kabari, ruwa da buroshi mai laushi ake amfani da su, ana farawa daga ƙasa zuwa sama. Buroshin waya da bilic suna cinye dutsen, su tafi da rubutun da ya shekara ɗari biyu yana jure ruwa da rana. Idan dutsen yana ɓarewa ko yana rawa, a bar shi ga ƙwararru.

A wurin taro, ki miƙe ki ba da rahoto cikin minti biyu: abin da aka yi, abin da ke tafe, da mutum nawa kike buƙata ranar kaza da ƙarfe kaza. Mata sun fi amsa kira idan an ce ana neman mutum biyu su raba tutoci ranar Asabar da safe, fiye da idan an ce kowa ya taimaka. Ki ba sakatariya kwafin rahoton a rubuce.

Sannan ki riƙa rubuta komai tun ranar da ya faru: yawan ɗaliban da suka shiga gasa, littattafan da aka raba, awannin da kowace mamba ta ba da, da hotuna masu kwanan wata. Kowace shekara reshe yana cike babban rahoto guda da ke tafiya jiha, daga nan ya isa hedikwata, inda ake tattara alƙaluman da ake karantawa a babban taron shekara a Washington. Abin da ba a rubuta ba ba ya shiga lissafi, komai wahalar da aka sha a kansa. Idan wa'adinki ya cika, ki haɗa waɗannan bayanai da lambobin ofisoshi da samfurin wasiƙun da kika aika a fayil ɗaya, ki kai wa magajiyarki kafin taron farko na sabuwar shekarar aiki.