Darasi na Bakwai: Zama a Ƙaramin Gari da ke Bakin Iyaka

Akwai garuruwa da yawa a duniya waɗanda in mutum ya tsaya a bakin kogi ko a ƙarshen titi zai hango gine-ginen wani babban birni, alhali birnin na wata ƙasa ne, da tutarsa daban, da kuɗinsa daban, da dokarsa daban. Garin Windsor na ƙasar Kanada, mai mutum wajen 230,000, yana fuskantar birnin Detroit na Amurka, wanda ya haura mutum 600,000. Kogi ne kaɗai ya raba su, kuma gadar Ambassador da aka buɗe a 1929 da hanyar ƙarƙashin kogi da aka buɗe a 1930 sun haɗa su. Garin Kehl na Jamus bai kai mutum 40,000 ba, amma yana jingine da birnin Strasbourg na Faransa, har ma tun 2017 jirgin ƙasa na cikin gari yake tsallaka kogin Rhine tsakaninsu. Haka nan garin Kousseri na Kamaru yake zaune daura da Njamena, babban birnin Chadi.

Mutanen irin waɗannan garuruwa suna cin moriyar maƙwabcinsu ta fuskar aiki da ciniki da asibiti da makaranta, har da auratayya. Sai dai yawan tsallakawa yakan sa mutum ya manta cewa iyaka yake ƙetarewa, ya ɗauka unguwa kawai ya sauya. Wannan mantuwa ita ce tushen yawancin wahalar da mazauna bakin iyaka suke faɗawa ciki, kuma ita ce dalilin wannan darasi.

Takardu

Kusanci ba ya mayar da baƙo ɗan ƙasa. Wanda gidansa yake taku ɗari daga shingen iyaka da wanda ya zo daga tafiyar kwana biyu, duk matsayinsu ɗaya a gaban jami'in shige da fice. Wasu ƙasashe sun sassauta wa juna. A Turai an sa hannu kan yarjejeniyar Schengen a 1985, aka fara aiki da ita a 1995, ta ɗauke binciken yau da kullum a tsakanin ƙasashen da suka shiga. A Afirka ta Yamma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafi. Ku lura cewa ko a inda aka sassauta ba a ce mutum ya fita hannu rabbana ba.

Saboda haka ku duba ranar da fasfo ko katin shaidarku zai ƙare aiki, ku rubuta ta a inda idonku zai riƙa kaiwa, ku fara neman sabuntawa tun da sauran watanni. Ku ajiye kwafin kowace takarda a gida. In ƙasar da kuke shiga tana neman shaidar allurar cutar shawara, ku sani cewa tun 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka katin abin adanawa ne sosai. Kada kuma ku dogara da cewa jami'an bakin iyaka sun san fuskarku, domin ana yi musu sauyin wurin aiki, kuma sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Izinin shiga daban, izinin aiki daban. Mutum zai iya samun damar shiga ziyara ko sayayya, amma ba shi da damar karɓar aikin albashi. Wanda ya yi aiki babu izini shi ne ya fi kowa rauni, domin in aka hana shi haƙƙinsa ko ya ji ciwo a wurin aiki, tsoron kamu zai hana shi kai ƙara. Kafin ku karɓi aiki a tsallake, ku tambayi wace ƙasa ce za ta cire muku haraji, da kuma inda inshorar lafiyarku take aiki, a kuma rubuta muku amsar a takarda.

Kuɗi iri biyu

A nan ne karatu da lissafi suke yi wa mutum rana. Mazaunin bakin iyaka yakan karɓi kuɗi da na wata ƙasa, ya kashe da na wata, don haka samunsa yana hawa da sauka ko da albashinsa bai motsa ba. Garin Annemasse na Faransa yana gefen birnin Jeniba na Suwizalan, kuma dubban mutane suna kwana a ɓangaren Faransa suna aiki a Jeniba. A ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye ƙa'idar da ta hana yuro 1 faɗowa ƙasa da faran 1.20 (faran shi ne kuɗin Suwizalan, yuro kuma na Faransa), nan da nan yuro ya faɗo zuwa wajen faran 1. Ku ɗauki alƙalami: mai albashin faran 4,800 a da yana samun yuro 4,000, domin 4,800 a raba da 1.20 shi ne 4,000, amma bayan sauyin sai ya koma samun wajen yuro 4,800. Wannan ya ci riba. Da canjin ya juya ta ɗaya ɓangaren, da asara zai tafka ba tare da ya yi laifin komai ba. Shi ya sa bai kamata mutum ya ci bashi mai nauyi da kuɗin da ba da shi ake biyansa ba.

Akwai kuma ribar ɗan canji, wadda mutane da yawa ba sa lissafa ta. Kowane ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa. A ce yana sayen kuɗin tsallake guda 1 a kan 48 na gida, yana sayar da shi a kan 52. In kun kai masa 100 zai ba ku 4,800, in kuma gobe kun koma neman 100 ɗin nan za ku biya 5,200. Kun rasa 400 ke nan a juyi ɗaya. Wanda yake yin haka kowane mako ya kamata ya riƙa ware abin da zai kashe a tsallake ya bar shi yadda yake, ya canza ragowar kawai. Ku tambayi farashi a wuri biyu ko uku, ku yi lissafinku kafin ku miƙa kuɗi, ku ƙirga abin da aka ba ku a gaban mai canjin.

Akwai wani gefen da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi ciwo. In albashin tsallake ya fi na gida nesa ba kusa ba, masu aiki a can sukan ɗaga kuɗin haya da farashin fili a ƙaramin garin, sai malamin makaranta da ma'aikacin asibiti masu karɓar albashin gida su kasa zama a garin da suke yi wa hidima.

Kaya da saƙo

Kowace ƙasa tana da adadin kayan da mutum zai shigo da su don amfanin kansa ba tare da biyan kuɗin fito ba, tana kuma da kayan da ta hana ko ta ƙayyade, kamar wasu magunguna da nama da tsirrai. Abin da yake halal a wannan gefe zai iya zama laifi a wancan. Ku bayyana wa jami'an kwastan abin da kuka ɗauko, in kun biya kuɗi ku karɓi rasit. Ɓarauniyar hanya takan yi kama da sauƙi, amma wanda aka tare a cikinta ba shi da bakin kare kansa. Mafi muhimmanci, kada ku karɓi ƙunshi ko jaka daga hannun kowa don ku tsallaka da ita sai kun buɗe kun gani da idonku, ko da mai saƙon ɗan'uwa ne, domin wanda aka kama da kaya a hannu shi doka take tuhuma.

Wayar hannu ma takan kama layin ƙasar maƙwabta mutum yana zaune a ɗakinsa, a caje shi kuɗin ƙasar waje, don haka ku saita ta a kan kamfanin layinku. Wani wurin har agogo yakan bambanta, kamar garin Elvas na Fotugal da yake bayan birnin Badajoz na Sifen da awa ɗaya.

Ranar da aka rufe iyaka

Ba mutanen garin ne suke yanke shawarar rufe iyaka ba, a fadar gwamnati mai nisa ake yankewa, wani lokaci cikin dare ɗaya. A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, Kanada da Amurka sun rufe iyakarsu ta ƙasa ga duk tafiyar da ba ta zama dole ba, kuma Amurka ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Nuwamba 2021. Ma'aikatan jinya na Windsor da suke aiki a asibitocin Detroit sun ci gaba da wucewa saboda aikinsu na dole ne kuma takardunsu a cike suke, amma iyalai da yawa sun shafe fiye da shekara ba su haɗu ba. Wani lokaci kuma babban birnin ne yake kwararowa cikin ƙaramin. A Fabrairu 2008, da faɗa ya ɓarke a Njamena, dubun dubatar mutane sun tsallaka zuwa Kousseri cikin 'yan kwanaki, garin ya cika maƙil da masu neman ruwa da makwanci.

Don haka gidan da duk abincinsa daga tsallake yake zuwa yana bukatar wata ƙofar samu a gefen gida, ko da ƙarama ce. Mai shan magani kullum ya san inda zai same shi a cikin ƙasarsa, kuma a ajiye wani abu daga cikin tanadi da kuɗin gida.

Aikin gida

Ku ɗauko duk takardun shaidar da kuke da su, ku rubuta sunan kowace da ranar ƙarewarta a littafinku. Bayan haka ku warware wannan lissafi: ɗan canji yana saye a kan 48 yana sayarwa a kan 52, wata mata kuma takan canza 250 na kuɗin tsallake zuwa na gida, sannan ta sake sayen 250 ɗin a ƙarshen mako. Nawa take rasawa a mako ɗaya, nawa kuma a mako huɗu? Ku zo da amsarku a rubuce a zama na gaba.