Yadda za ka yi feshi ba ka tara wa ƙwaƙwalwarka ciwo ba

Maganin ciyawa da na ƙwari ba sai ya kayar da kai a gona yake illa ba, a hankali yake shiga ta fata da numfashi shekara da shekaru, sai mutum ya manyanta hannu ya fara karkarwa, tafiya ta yi nauyi, a ce tsufa ne ko sammu. Likitoci na ce wa wannan ciwo Parkinson, kuma bincike ya nuna ya fi kama masu yawan mu'amala da maganin feshi, musamman maganin ciyawa da ake kira paraquat. Tarayyar Turai ta hana paraquat tun 2007, Faransa kuma a 2012 ta sa Parkinson a jerin cututtukan da aikin gona ke jawowa.

Wajen haɗa maganin aka fi kwasar gubar, don lokacin maganin bai sha ruwa ba. Sa safar roba, ka juya da sanda, kar ka tsoma hannu. In bakin famfo ya toshe don Allah kar ka hura da baki, wannan ɗabi'a ta yi mana yawa wallahi, kwance shi ka wanke da ruwa. Duba tankin kafin ka goya, in yana yoyo rigarka za ta jiƙe tun daga kafaɗa har ƙugu ka wuni fata na sha kana cewa gumi ne. Doguwar riga, wando, takalmin roba, takunkumi, ka fita da sassafe kafin iska ta taso kuma kar ka fuskance ta. Goro, sigari, abinci duk su jira sai ka yi wanka da sabulu, kayan feshin a wanke su daban da na yara.

Robar magani in ta ƙare a huda ta, ba ta manja ba ce ba ta ruwan sha ba. Wajen ajiyar wake kuma, buhun PICS mai ninki uku da ke hana iska shiga ya wadatar, ba sai an zuba Sniper ba.

Masu walda ku ma da ku, hayaƙin nan akwai sinadarin ƙarfe na manganis a ciki mai kawo irin wannan karkarwar, ku yi aiki a sarari, ban da rufaffen shago. Masu zinare kar a niƙa dutse cikin gida, ƙurar dalma ce ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010, wasu da suka rayu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

In hannu ya fara rawa alhali kana zaune ba ka komai, je asibiti ka faɗa wa likita aikin da kake yi da sunan maganin da ka saba fesawa.