Yadda ake hira da mawaƙi a Maraɗi

Hira da mawaƙi tana farawa ne tun kafin a kunna rakoda. Ɗan jarida ya nemi waƙoƙin mutumin, tsofaffi da sababbi, ya saurare su har ya riƙe amshinsu, ya kuma rubuta sunayen da aka ambata da baitocin da suka shige masa duhu. Mawaƙi yakan gane wanda bai saurare shi ba tun daga tambayar farko, daga nan kuwa sai ya koma ga amsar da ya saba bai wa kowa, wato gado ne ko baiwa ce daga Allah.

Bayan haka sai neman izini. Matashin da ke aiki a situdiyo kiran waya ya ishe shi, amma makaɗin fada, na Sarkin Katsinar Maraɗi ne ko na Sarkin Gobir a Tibiri, yana da ubangida, don haka ta hannun wanda ya san shi ake zuwa, a gaisa a tsanake, a kira shi da sarautarsa idan yana da ita. Hantsi ya fi dacewa, saboda mai kwana a wurin biki ba ya da murya da sassafe. Maganar kuɗi kuma a warware ta tun a zaure: a kai goro don girmamawa, a bayyana cewa hirar ba ta saye ba ce.

Wurin tambaya ne aka fi yin kuskure. "Yaya kuka fara waƙa?" tambaya ce da ta tsufa. Abin da ke buɗe bakin mawaƙi shi ne a ɗauko baiti guda daga waƙarsa, a karanta masa, a ce: "Ranka ya daɗe, a ina kuka fara rera wannan, kuma wa ke zaune a wurin?" Sau da yawa zai rera baitin da kansa, ya gyara kuskuren mai tambaya, labarin ya biyo baya. Idan makaɗin 'yan kokawa ne, a tambaye shi yadda yake ƙera wa ɗan kokawa take, domin Maraɗi ta san wannan fage tun 1975, shekarar da ɗanta Kantu ya ci takobin ƙasa na farko, wato kambun gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa. Idan ya yi shiru, a ƙyale shi, yawanci tuno wani abu yake yi. A ganina ma 'yan amshi da sanƙira sun cancanci tambaya, don su ne ke riƙe da abin da maigida ya manta.

Zambo da habaici suna buƙatar hattara. Ana iya tambayar abin da ya jawo su, amma ba a matsa wa mawaƙi ya faɗi sunan wanda ya nufa, tunda sakaya sunan ita ce fasahar, bayyana shi a rediyo kuma yana iya haddasa rigima.

Idan za a yi kiɗa, a nisanta makirfo daga kalangu don kada ya danne murya, a kuma nemi yardar mawaƙin kafin a watsa waƙar da bai fitar ba, domin haƙƙin mallaka ne, wanda hukumar BNDA ke kula da shi a Nijar. Kafin a yi sallama, a karanta masa sunayen mutane da garuruwan da aka rubuta, ya tabbatar da su ɗaya bayan ɗaya.