Yadda Malami Zai Auna Tsohon Labarin da Ɗalibi Ya Sake Wa Fasali

Idan ɗalibi ya kawo maka labarin Bayajidda da ya sake rubutawa, kada ka fara da jan biro a kan kurakuran rubutu. Karanta shi a bayyane tukuna, domin kunne ne ke gane armashin labari. Daga nan sai ka duba abin da ya riƙe da abin da ya sauya. Wanda ya ba da labarin ta bakin tsohuwa Ayana, wadda ta sauki Bayajidda a gidanta a Daura, yana nuna ƙishin da mutanen Daura suka sha lokacin da macijin rijiyar Kusugu ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya yi tunani mai zurfi, kuma ya cancanci yabo a gaban aji. Idan kuwa wani ya mayar da Gizo salihi marar wayo a tatsuniyarsa, tambaye shi dalili kafin ka ba shi maki.