Yadda Mai Tseren Keke Zai Gina Ƙarfinsa Bayan Ya Sauka Daga Sirdi

Yawancin samarin da suka fara hawan keken tsere ba numfashi ne yake fara kayar da su ba. Bayan awa biyu a kan titi sai ka ga mutum ya fara mutsu-mutsu a kan sirdi, yana sakin hannu ɗaya yana dafe kwankwaso, wuya ya sage, yatsu sun mutu. Ƙafafu da sauran ƙarfinsu, gangar jikin da ke riƙe da su ce ta gaji. In ka tambaye shi me zai yi, sai ya ce zai ƙara kilomita. Ba nan matsalar take ba.

Keke motsi ɗaya tak yake sa ka, kuma a duƙe. Mai juya feda sau 90 a minti ya juya ta sau 5,400 a awa guda, duka da tsoka iri ɗaya. Gaban cinya yana cika, mazaunai suna lalaci, tsokar da ta haɗa cinya da ƙugu ta gaba tana ɗaurewa. Kuma tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, ƙashi ba ya samun dannawar da ke ƙara masa ƙwari, shi ya sa ake yawan samun ƙwararrun 'yan tseren keke da ƙashi mai rauni fiye da na 'yan gudu.

Abu na farko, ka cire tsoron nan na "kada in yi nauyi". Atisaye sau biyu a mako ba zai mayar da kai ɗan ɗaga ƙarfe ba. Bent Rønnestad, wani mai bincike a ƙasar Norway, ya gwada wannan a kan 'yan keke: waɗanda suka haɗa hawa da ɗaga nauyi mai yawa sun fi waɗanda suka tsaya ga hawa kaɗai ƙarfin taka feda a ƙarshen tafiyar kusan awa uku. Ka lura, nauyi mai yawa aka ce. Masu farawa suna ɗaukar abu mara nauyi su yi sau hamsin har su jiƙe da gumi, alhali juriya keke ya riga ya ba su. Abin da ka sauko nema shi ne ƙarfi, kuma shi ana samunsa ne da nauyin da ba za ka iya wuce sau 6 zuwa 8 da shi ba.

Kada kuɗin gidan motsa jiki ya hana ka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 10 da mai lita 25 sun ishe ka watanni, kana ƙara ruwa kana ragewa yadda kake so. Sai tabarma, da sanda miƙaƙƙiya, da dakali ko benci mai ƙwari. Bel ɗin nan mai faɗi da ake ɗaurawa a ciki, bar shi a shago.

Ɗumama jiki ba sai an koya maka ba, minti biyar na sassarfa ya isa. Fara da tsugunno: rungume jarka a ƙirji, buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, sauka a hankali har cinya ta kwanta, diddige a manne da ƙasa, sannan ka miƙe. Sau 8, ka huta minti biyu, zagaye uku. Tsallen kwaɗo ba ya cikin lissafi, wannan horon makaranta ne, gwiwa kawai yake ci.

Yanzu ga inda kusan kowa yake faɗuwa: ɗaga nauyi daga ƙasa. Wannan shi ne atisayen da ya fi amfanar mai keke, domin shi ke tayar da mazaunai da bayan cinya, kuma shi ne wanda ake fi lalatawa. Mai keke ya saba da lanƙwasa baya, jikinsa ya ɗauka haka ake sunkuyawa. Da ka ce masa ɗauki jarkar nan, sai ya miƙe ƙafa ya tanƙwara gadon baya ya finciko ta da kwankwaso. Kwana biyu yana tafiya a karkace, daga nan ya yanke hukunci cewa ɗaga nauyi ba na 'yan keke ba ne.

Kada ka taɓa jarka tukuna. Tsaya ka ba bango baya, tazarar tafin ƙafa ɗaya tsakaninku. Ɗora sandar a bayanka a tsaye, hannu ɗaya ya riƙe ta ta sama, ɗaya ta ƙasa, ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu, da ƙarshen ƙashin baya. Sassauta gwiwa kaɗan. To, tura mazaunai baya har su taɓa bango. Kada ka yi tunanin sunkuyawa ko kaɗan. Kai dai tura baya, ƙirji zai sauko da kansa. In sandar ta rabu da ɗaya daga wuraren nan uku, bayanka ya lanƙwashe, koma ka sake. In ka yi daidai za ka ji bayan cinya yana ja kamar igiyar guga. In a kwankwaso kake jin aikin, ba ka yi ba, ko da wanda ke kallonka ya ce ya yi kyau. Da ya zauna maka, matsa gaba kaɗan daga bangon ka sake.

Ni a wurina mako biyu cur da sanda kaɗai, babu ragi. Samari ba sa son jin haka, amma wanda ya tsallake wannan ya gina sauran a kan kuskure. Bayan nan sai ka ajiye jarka tsakanin ƙafafunka, ba can gaba ba, ka ja numfashi ka ɗaure ciki, ka kama hannunta, ka taka ƙasa da ƙarfi ka miƙe. A sama kada ka gantsare baya, matse mazaunai kawai. Saukarwa ma da ƙugu ake yi, a hankali. In jarkar ta yi maka ƙasa da yawa har baya yana lanƙwashewa kafin ka kai gare ta, ɗora ta a kan bulo. Sau 6, zagaye uku. Ranar da ka ga siffar ta fara ɓaci a na biyar, tsaya a na biyar.

Sai aikin ƙafa ɗaya, tunda feda ma ɗaya bayan ɗaya ake taka ta. Ɗora ƙafa a kan dakali ka hau da ita kaɗai, ta ƙasa kada ta yi tsalle ta taimaka. Sa ido a kan gwiwa kada ta faɗa ciki. Nan za ka gane wace ƙafa ce take cin gumin 'yar'uwarta.

Ciki kuwa, bar kwanciyar nan da ake tashi zaune sau ɗari. Ka wuni a duƙe, me za ka ƙara da wani duƙon? Aikin ciki a kan keke shi ne hana ƙugu rawa. Kifa ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, daƙiƙa 30 zuwa 45. Juya ka yi ta gefen dama da hagu. Sannan ka kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama sau 12. Wanda yake alfahari da minti biyar a kife, je ka duba, cikinsa ya zubo ƙasa tun a minti na farko.

Miƙa jiki a ƙarshe ake yi, lokacin da tsoka take da ɗumi. Durƙusa da gwiwa ɗaya, matse mazaunin wannan ɓangaren, tura ƙugu gaba, riƙe daƙiƙa 40. Dafa dokin ƙofa da hannu biyu ka tura ƙirji gaba. Ɗora diddige a dakali don bayan cinya. Ba a girgiza, ba a fizga.

Sau biyu a mako idan babu gasa a gaba, sau ɗaya idan an shiga lokacin tsere, kuma kada ka yi ana gobe doguwar tafiya. Da azumi a bari sai bayan buɗa-baki. Ka ci wake, ƙwai, kifi ko nono. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, amma suka a cikin gaɓa, ko ciwon da ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa tare da mutuwar yatsu, ajiye jarka ka je asibiti a duba ka.