Yadda ake dawo da ƙyallin tasoshin jere na da

Duk wadda ta shigo ɗakina ta ga tasoshin tagulla na Bida da na gada wurin kakata, sai ta tambaye ni sirrin ƙyallinsu. Ga shi nan:

1. Ki kakkaɓe ƙurar da busasshen tsumma.
2. Ki jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi har ta yi kauri.
3. Ki zuba gishiri kaɗan.
4. Ki goga a hankali da tsumma mai laushi, har cikin zanen da maƙera suka buga da hannu.

Hattara: kada ki kusantar da soson ƙarfe. Yana cinye zanen, kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

5. Ki ɗauraye da ruwa mai tsabta.
6. Ki tsane su nan take, in ba haka ba kore-kore zai fito.
7. Ki jera su, manya a ƙasa, kamar yadda Kaka take yi.